Ɗan Gida da Baƙo

Ƙarfe biyun dare a Lamingo.
Sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa,
janareta na tari a bayan ɗakin hoto,
ni kuma ina zaune gaban kan Lantana
da haske ya yayyanka faifai-faifai, babu ɗigon jini.

Takardar da ta rako ta gajeriya ce:
shekara arba'in da bakwai,
an cire nonon hagu bara waccan,
amai da asuba, hannun dama ya fara sakin cokali.
A ƙasa wani ya riga ya yanke hukunci da jan biro:
daji ya hau kai.

Farin tabo biyu. Na gan su.
Saura kaɗan in rubuta "ya yaɗu", in tafi in kwanta.
Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura,
mu ma likitoci haka muke.

Na hagun bai fi gurjiya ba,
ruwan kumburi ya kewaye shi
kamar tafkin da masu haƙar kuza suka bari suka tafi.
Ya sauka a kan iyaka, inda ruwan toka ke gamuwa da fari,
inda jini kan sauke fasinja.
Wannan daga ƙirji ya taso. Na san tafiyarsa.

Na daman ne ya hana ni tashi.
Ya jingina da ƙoƙon kai
kamar dattijo a dakalin ƙofar gidansa,
ya miƙe wutsiya a kan tantani,
ƙashin ma ya yi kauri saboda daɗewar zama da shi.
Bai kutsa cikin ƙwaƙwalwa ba, matsa ta kawai yake yi,
a hankali, ƙila tun kafin ta yaye autarta.

A garin nan mun san abin da kalmomin nan biyu suka ci,
ɗan gida, baƙo.
Ba na son su a bakina.
Ga su kuma cikin kai guda, kowa da asalinsa.

Da safe Dakta Pwajok ya daɗe yana kallo, shayinsa ya huce.
Ya ce, hoto yakan yi ƙarya, Asma'u.
Wani baƙon yakan ari rigar mai gida,
wani ma a cikin ɗakinsa yake kwana.
Sai an gutsuro, an rina, an sa a madubi.

Kwana goma sha ɗaya muka jira.
Ɗanta ya sayar da babur.
Amsa ta zo a kan gilasai biyu ƙanana:
ɗaya ƙwayoyinsa sun naɗe kamar gammo, ba ya tafiya ko'ina,
ɗayan yana ɗauke da tambarin nonon da babu shi.
Wannan na wuƙa ne.
Wancan sai gashi, sai magani, sai abin da Allah ya yi.

Na je gadonta ina ta juya yadda zan faɗa.
Ta ce, biyu?
Na ce, biyu, amma ba uwarsu ɗaya ba.
Ta yi shiru, tana shafa inda aka aske.
Ta ce, shekara ashirin ina sayar da dankali a Farin Gada.
A buhu guda akan samu mai tsiro, akan samu ruɓaɓɓe.
Wawa ne ke masu kuɗi ɗaya.
Ke dai kin zazzage buhun?

Na ce na zazzage.

To, hannun nan, zai sake ƙirga canji?

Ban yi mata alkawari ba.
Na sa yatsuna biyu a tafinta, na ce matse.
Ta matse.
Na rubuta ƙarfinsa a fayil, da kwanan wata,
don mu sami abin gwadawa ranar Alhamis.